Fuskar Zomo a Cikin Firiza

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a unguwar Kampung Baru ba, can ƙasar wajen da na yi karatu, ko da kuwa ina son in manta, don har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Ranar ce na tsaya a gaban dattawa da sa'o'ina, da ƙafata da bakina, na tabka abin kunyar da ban taɓa yin irinsa ba. Bari in faro daga farko, kada ku ɗauka haka kawai na tashi na haukace.

Lokacin ina shekara ta biyu a karatun digiri na uku, ina zaune a wani dogon bene a Pantai Dalam, hawa na goma sha ɗaya. Mu biyu ne a gidan, ni da Malam Isiyaku, wani malamin jami'a ɗan Yawuri wanda ya ba ni kusan shekara ashirin. Shi ma karatu ne ya kawo shi, ya baro iyalinsa a gida. Mutum ne mai sanyin hali, ba ka jin muryarsa a sama. In ya yi girki sai ya zuba mini nawa ya rufe da faranti. "Ƙanena" yake ce mini, ni kuma in ce masa Malam. (Na faɗi wannan ne don ku auna girman butulcin da ke tafe.)

Abu biyu ne kawai ban gane masa ba. Kullum bayan la'asar sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa, in na wuce in riƙa jin yana 'yan ƙunƙuni ƙasa-ƙasa, kamar mai lissafa wani abu. Sannan duk safiyar Juma'a sai ya fita, in na tambaya ya ce, "Zan ɗan leƙa wani wuri ne." Shi ke nan.

A daidai wannan lokacin kuma al'amurana suka cakuɗe. Malamar da ke duba aikina ta dawo mini da babi na uku har sau uku, ko wane karo jan biro ya fi rubutuna yawa. Kwamfutata ta mutu. Ciwon kai ya sa ni gaba. Gashin tsakiyar kaina ya fara zuba, in na yi wanka in gan shi a ƙasa. (Ban tsaya na tuna cewa mahaifina da ƙannensa uku duk masu sanƙo ne ba, kuma wata biyu ba abin da nake ci da rana sai gurasar roti da shayi a rumfar abincin da ake kira mamak.) A raina na riga na fara cewa wannan abu ba haka ya tsaya ba.

To, ranar da abin zai faru, Malam ya fita da safe kamar yadda ya saba. Na buɗe firiza ina neman ragowar kaza. Can ciki, bayan ledar kuɓewa, hannuna ya taɓo wata leda mai kauri da ban san ta ba. Na jawo, na buɗe.

Fuskar zomo ce.

Ba kan zomo ba, fuskarsa kawai, an feɗe ta ta bushe ta yi shafal, ga dogayen kunnuwa, ga ramukan ido biyu suna kallona. Ƙarƙashinta fatar wata tsuntsuwa ce mai kama da makwarwa, guda sukutum, an baje fikafikanta, ba nama ba ƙashi. Ga wasu baƙaƙen fikafikai biyu an ɗaure su da zare. Ga wata 'yar baƙar fata mai laushi da ban ma san ta wace dabba ce ba.

Na ja da baya har na bangaje tukunyar shinkafa. Ban san lokacin da na fara salati da ƙarfi ba. Ni kaɗai a gida, amma na waiga sau uku.

Abin da na yi bayan nan shi ne laifina na farko: na shiga ɗakin Malam. Ƙofar ma ba a kulle take ba (da ina da hankali, da wannan kaɗai ya ishe ni). A kan teburinsa na ga wani ƙarfe mai baki kamar na tsuntsu an ɗaure shi a gefen tebur. Ga zarurruka a jere, ja, ruwan goro, shunayya. Ga curin kakin zuma, ga ɗan mitsitsin almakashi, ga ƙugiyoyi ƙanana cikin kwalba, ga gashin tsuntsu ko'ina. Sai kuma wani ɗan akwati a gefe, an liƙa masa farar takarda.

Sunana ne a jiki. Da rubutun Malam, wanda na sani kamar nawa.

Na buɗe da ƙarshen biro. Ƙugiyoyi goma sha biyu a jere, ko wacce an naɗe ta da zare, an yi mata wuya da gashin tsuntsu. Wasu daga ciki an murɗa musu wani baƙin gashi mai laushi. Na shafa tsakiyar kaina. Wallahi a wannan lokacin da za a ba ni rantsuwa, sai in rantse gashina ne.

Laifi na biyu: maimakon in jira mutumin ya dawo, sai na kira Kabiru. Kabiru abokina ne da ke zaune a Sri Petaling, yana karatu yana sayar da wayoyi. Mutumin kirki ne, amma ko fanka ce ta tsaya zai ce an sa hannu.

"Ƙugiya?" ya ce. "Ƙugiya fa ka ce? Innalillahi! Ka san ma'anar ƙugiya kuwa? An maƙale ka ne, ba gaba ba baya. Shi ya sa babin nan ya ƙi wucewa!"

"Kabiru, Malam ne fa."

"Ai daman na nesa ba ya samun gashinka. Ɗauki hoto ka turo mini yanzu. Kuma kada ka taɓa da hannu. Ka kwaso komai ka kawo wa Alhaji Sabo, yau Juma'a kowa yana nan."

Na ɗauki hoto na tura masa. Wannan ne laifi na uku, amma ban san nauyinsa ba sai daga baya.

Na sa leda a hannuwa biyu kamar safa, na kwashe komai, har ƙarfen da ke jikin tebur sai da na kwance. Na zuba a wata babbar jakar kanti. Na hau bas, na hau jirgin ƙasa na LRT, ina riƙe da jakar nesa da jikina kamar mai ɗauke da maciji. Sanyin firiza ya fara narkewa, gindin jakar yana ɗiga. Wata tsohuwa ta matsa mini in zauna, na ƙi, don kada abin ya shafe ta. Kun ga har tausayin mutane nake yi. A masallaci na ajiye jakar wajen takalma na ƙulle bakinta tam. Huɗubar ranar, ko kalma ɗaya ban ji ba.

Al'adarmu ce bayan sallar Juma'a mu haɗu a wata rumfar abinci da ke bayan masallaci, a haɗa tebura a ci shinkafa. Ranar mun kai mu goma sha biyar. Alhaji Sabo yana zaune a kan gaba. Ɗan kasuwa ne da ya daɗe a garin, shi ne uban kowa, in an yi rigima wajensa ake zuwa. Niyyata in ja shi gefe bayan an ci abinci in nuna masa a asirce. Wallahi niyyata ke nan.

Sai ga Malam Isiyaku ya iso, ya gaisa da kowa, ya zauna daf da ni. Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, lafiya? Ka yi wani zuru-zuru. Ungo, ci wannan kifin, ka rame da yawa." Ya ɗauko soyayyen kifi daga farantinsa ya ɗora a nawa.

Ban san daga ina muryar ta fito ba.

"Ba zan ci ba!"

Kabiru yana ƙifta mini ido daga can, ban san ko cewa yake in yi shiru ko in ci gaba ba. Na zaɓi in ci gaba. Na miƙe tsaye, na ce, "Alhaji, ku ne iyayenmu a ƙasar nan. Ku tambayi Malam me na yi masa. Ku tambaye shi mene ne wannan!"

Na ɗaga jakar na zazzage ta a tsakiyar tebur.

Fuskar zomo ta faɗa cikin kwanon sambal, jar miyar barkonon can, kunnuwanta a sama. Makwarwa ta sauka a kan shinkafar wani da ya lafta wa sambal. Zarurruka suka gangara ko'ina. Kujeru suka kife, wani ya yi tsalle ya bar takalminsa, wani yana ta a'uziyya. Alhaji Sabo da kansa ya ja kujerarsa baya ya riƙe carbinsa da hannu biyu. Na ɗauko ɗan akwatin na buɗe na ɗaga sama. "Ga sunana! Ga gashina! Wata shida komai nawa ya tsaya!"

Malam Isiyaku bai motsa ba. Kallon kayan kawai yake yi, bakinsa a ɗan buɗe. Ni kuwa na ɗauka kunyar kamu ce.

Ana cikin haka sai wani dattijo Bamale, ɗan asalin ƙasar, mai farar hula ya taso daga teburin da ke kusa, yana goge hannu. Ya leƙa akwatin da ke hannuna, sai fuskarsa ta washe. Kafin in hana shi ya sa yatsu biyu ya ɗauki ƙugiya ɗaya ya ɗaga ta wajen haske.

"Wah! Kyakkyawa lah!" ya ce, yana haɗa Turanci da yarensu. "Wa ya ɗaura wannan? Irin na da ne, yanzu ba kowa ke yi ba. Da irinta na kama kifi a rafin dutse makon jiya. Boleh, ka yarda in ga sauran?"

"Kifi?" in ji Alhaji Sabo.

"Kifi mana. Ƙwaron yaudara ne, na kamun kifi."

Na ji kamar an zuba mini ruwan ƙanƙara daga kai har ƙafa. Amma (Allah ya shirye ni) ban sallama ba. Na ce, "To zomon fa? Sunana fa?"

Sai a lokacin Malam ya yi magana, a hankali kamar kullum. "Alhaji, a ba ni minti biyar."

Ya tsamo ƙarfen nan daga cikin tarkacen ya ɗaure shi a gefen teburin abinci. Ya matse ƙugiya ɗaya a bakinsa. Ya ja zare ruwan goro ya goga shi a jikin kakin zuma, ya fara naɗawa a jikin ƙugiyar, zagaye na bin zagaye, yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Ƙunƙunin da nake ji ta bayan ƙofa ke nan. Ya tsinko gashi ɗaya tak daga wuyan makwarwar, ya shafa shi baya da yatsa, ya ɗaure ƙarshensa, ya zagaya da shi sau ɗaya da rabi, sai gashin ya buɗe kewaye da ƙugiyar kamar 'yar lema. Ya ƙulle, ya datse zaren. Duk wannan lokacin kowa yana ganin yadda hannunsa na dama yake rawa. Sau biyu zaren yana suɓuce masa, ya sake kamawa.

Ya ɗaura ƙugiyar a wani guntun zare ya tsoma ta a kofin ruwan Alhaji, ya ɗan motsa. Gashin nan ya riƙa buɗewa yana rufewa, kamar ƙwaro mai rai yana wutsil-wutsil da ƙafafu. Mutanen da suka gudu ɗazu duk suka dawo suka sunkuya a kan kofi.

"Shi ya sa ake son gashi mai taushi," in ji Malam. "Ruwa ne ke ba shi rai, kifi ya ɗauka abinci ne. Gashin zomo kuma da na wannan baƙar fatar, da su ake yin jikin wasu. A kanti ake sayar da su, a leda. Firiza kuwa, garin nan da laima, in ka bar su a waje ƙwari su cinye." Ya juyo gare ni. "Akwatin naka ne, ƙanena. Na ga karatu ya sa ka gaba, na ce in ka miƙa babin nan zan kai ka rafi ka huta. Saura biyu in cika."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Alhaji Sabo ya yi gyaran murya. "To Malam, abu mai kyau haka, me ya sa kake yi a ɓoye?"

Malam ya ɗaga hannunsa na dama ya baje yatsun, muna kallon suna karkarwa.

"Bara, kafin ƙanena ya tare, na faɗi a ɗaki. Shanyewar ɓarin jiki ce, amma Allah ya taƙaita, a hannu ta tsaya. Ko biro ba na iya riƙewa. Duk safiyar Juma'a asibiti nake zuwa gashin hannu. A can na haɗu da wani tsoho ɗan China mai irin ciwona, shi ya koya mini wannan, likita ta ce in riƙe shi da kyau. Ni jikan masunta ne, sai abin ya shiga raina." Ya sauke hannun. "Ban faɗa wa kowa ba. Mahaifiyata ta tsufa, maiɗakina kuma tana da hawan jini. Na so sai na warke su ji. Don Allah maganar nan ta tsaya a teburin nan."

Ni dai ina tsaye, akwati a hannu, na kasa zama na kasa tafiya. Na ɗauka an kai ƙarshen abin. Sai na ga Kabiru yana zamewa ƙasa a kujerarsa, fuskarsa ta yi fari.

"Alhaji," ya ce, "akwai 'yar matsala. Hoton nan... na ɗan sa shi a guruf tun safe."

"Wane guruf?"

"Babban. Wanda har waɗanda suka gama suka koma gida suna ciki."

"Da sunan wa?"

Kafin Kabiru ya amsa, sai wayar Malam ta fara ƙara a kan tebur. A gida gari ya waye ke nan. Ya duba, ya rufe ido, ya ce, "Hajiya ce, maiɗakina." Ya tashi ya koma gindin wata bishiya. Muna hango shi yana magana yana ɗaga hannun nan, kamar tana ganinsa. Don ya wanke kansa daga sunan boka, dole ya faɗa mata abin da ya shekara yana ɓoyewa. Ni na jawo masa.

Alhaji Sabo bai zage ni ba. Da ma zagin ya yi. Cewa kawai ya yi, "Kai ne mai digiri na uku ko?" Na ce e. Ya ce, "To." Ya sa ni da Kabiru muka rubuta ban haƙuri a guruf a gabansa, ya karanta, ya ce bai isa ba, muka sake. Mai abinci ta zo ta tsamo fuskar zomo daga sambal da cokali mai yatsu ta miƙo mini.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, gida ɗaya za mu koma. Jirgi ɗaya muka shiga, kujera ɗaya, jakar tana kan cinyata. Sai a tasha ta biyar na ce, "Malam, don girman Allah ka yafe mini." Muryata ta karye, mutane suna kallo.

Ya ce, "Ta yi kuka sosai." Ya dubi hannunsa. "Ta ce da na mutu a ɗakin nan fa? Ban sami amsar da zan ba ta ba."

Na sunkuyar da kai.

"Na yafe maka. Amma ka ba ni 'yan kwanaki, raina bai gama saukowa ba. Kuma kayan nan kai za ka wanke."

Haka aka yi. Kwana uku ina zaune a baranda da ruwan ɗumi da sabulu, ina wanke man sambal daga kunnen zomo da burushin haƙori, ina busarwa da fanka. Rabin makwarwar ba ta dawo ba, ta yi ja har abada. Malam yana amsa gaisuwata, amma sai da aka yi mako biyu kafin in sake jin "ƙanena". Hajiya kuwa ta sa aka ba ni waya, ta yi mini wankin babban bargo na minti ashirin, sannan a ƙarshe ta ce in tabbatar yana shan maganinsa, kuma duk Juma'a in raka shi asibiti. Na raka shi har ya gama.

Bayan wata uku ya cika alƙawarinsa. Muka fita bayan gari zuwa wani rafi mai duwatsu, ruwansa garai-garai har kana ganin yashi. Ya ɗaura mini ƙugiya ɗaya mai zare ruwan goro, ya nuna mini yadda zan jefa ta gangare in bar ruwa ya ja ta. Na gyara tsayuwa, na wulwula sandar da ƙarfina duka. Kifin farko da na kama a rayuwata shi ne kunnena na hagu.

Na kurma ihu har tsuntsaye suka tashi. Malam ya zo yana dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har da hawaye. Ya ce in tsaya cak. Ya sa yatsu biyu na hannun dama ya kama ƙugiyar, ya juya ta ya zare a hankali. Ina kallon hannun ta wutsiyar ido. Ko kaɗan bai yi rawa ba. Shi ma ya lura, don ya daɗe yana kallon yatsunsa kafin ya ce, "Ka ga ka yi amfani."

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka ga abin da ba ka gane ba, mai abin za ka fara tambaya, ba abokinka ba. In kuwa ka ƙudura sai ka yi wauta, to ka rufe ƙofa ka yi ta kai kaɗai. Ba ta bukatar shaidu goma sha biyar, kuma don Allah kada ka ɗauke ta hoto.